Rana Kyauta Ce, To Me Ya Sa Ake Sayen Injin Busar da Kaya?

A cikin kayan lantarkin gida, babu wanda hujjar sayensa ta fi wuyar kawowa kamar injin busar da tufafi. Firji yana yin abin da randa ba za ta iya ba. Injin wanki yana raba mutum da durƙuso da cuɗa da ciwon baya. Shi kuwa wannan, aikin da yake yi rana da iska suna yin sa tun fil azal, ba su kuma taɓa aiko wa kowa da takardar kuɗin wuta ba. Duk da haka, a Amurka kusan gida 8 cikin 10 suna da shi, a Birtaniya sama da rabin gidaje ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka saba da shi ba sa ma iya tunanin komawa kan igiyar shanya. A Italiya kuwa, wadda ba wanda zai kira matalauciya, har gobe kaya ake ratayawa a barandar bene, a wasu lungunan Napoli ma igiya ake ja daga wannan gida zuwa na tsallake. Haka Japan, ƙasar da ta cika duniya da kayan lantarki: akasarin mutanenta a baranda suke shanya. Ashe ke nan ba nauyin aljihu kaɗai ke sa a saye shi ba.

Kafin a yi nisa, ya kamata a raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Injin wanki mai baki biyu da ake sayarwa a kasuwanninmu, wanda mai shago zai ce maka "yana wanki yana busarwa", matsewa kawai yake yi. Ganga ce ke juyawa da gudu har ruwa ya fita ta ƙananan ramuka, kaya su fito da danshi, sai an shanya. Injin busarwa na gaske dabam yake. Shi ma ganga ce, amma a hankali take juyawa, tana ɗaga kaya tana sakinsu, iska mai zafi tana ratsa su tana kwashe laima. Cikin awa ɗaya zuwa biyu kaya sun bushe ƙayau.

Iri uku ne. Na farko yana ɗumama iska da waya mai zafi irin ta hita, ya hura ta cikin kaya, ya fitar da tururin waje ta wani tiyo, don haka sai an huda bango ko a ajiye shi kusa da taga. Na biyu ba ya buƙatar huda: yana sanyaya tururin ya koma ruwa, ya tara shi a wani mazubi da ake zubarwa. Na uku shi ne na zamani, mai aiki da dabarar firji da na'urar sanyaya ɗaki. Maimakon ya zubar da zafin da ya samar, sai ya dawo da shi ya sake amfani da shi. Ya fi tsada, ya fi jan lokaci, amma wutar da yake sha ba ta wuce kusan rabin ta sauran ba. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta kafa ƙa'idar da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2025, wadda a aikace ta rufe ƙofar kasuwa ga sababbin injuna iri biyun farko.

Asalin abin daga sanyi ya fito. Wani Ba'amurke mai suna J. Ross Moore, mutumin jihar North Dakota, inda rigar da aka shanya a lokacin sanyi daskarewa take yi ta sandare, shi ya ƙera samfurin da kamfanin Hamilton na jihar Wisconsin ya fara sayarwa a 1938. Sunan da suka raɗa wa injin ma yana nufin yini guda na watan Yuni, wato lokacin da rana ke fitowa sosai a can. Tun daga wannan suna za ka gane hajar da ake tallatawa. Ba bushewar kaya ake sayar maka ba, wannan ko ba jima ko ba daɗe za ta samu. Abin da ake sayar maka shi ne ka daina duban sama kafin ka jiƙa wanki. Ka wanke da tsakar dare, ka wanke ana tsuga ruwa, yaro ya ɓata kayan makaranta da magariba ya saka su da asuba.

A Birtaniya ne wannan hujja ta fi ƙarfi, kuma 'yan uwanmu da suka tafi karatu ko aikin jinya a Manchester da Birmingham da Glasgow sun san haka tun a hunturunsu na farko. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, idan ma ta fito. Yayyafi na iya kwana uku bai ɗauke ba. Gidajen haya ƙanana ne, da yawa ba su da tsakar gida, tagogi kuma a rufe saboda sanyi. Sai mutum ya baza kaya a kan ƙarfen ɗumama ɗaki da bayan kujeru da saman ƙofa. Ruwan da ke cikin wankin cikin inji ɗaya yakan kai lita 2, kuma ba ɓacewa yake yi ba: iska yake shiga, ya sauka a kan bango mai sanyi da gilashin taga, daga nan fumfuna ta yi baƙi a kusurwa da bayan kabad. Fumfunar nan tana tayar da asma, tana cutar da ƙirjin yara. Ga uwa mai goyo da ke zaune a ɗaki biyu a hawa na shida, injin busarwa ba ƙawa ba ne ko kaɗan. Kuma akwai ƙarin amfanin da ba a cika faɗa ba: zafinsa yana kashe kuɗin cizo da ƙwansa.

Sai dai lura da cewa sanyi da ruwan sama ba su tilasta wa kowa hanya ɗaya ba. A Suwidin, gidajen bene da yawa suna da ɗakin wanki na tarayya a ƙasa, kowane mai haya ya kama lokacinsa, inji kaɗan su wadatar da gidaje masu yawa. A Jamus akwai al'adar ware ɗakin shanya a ƙarƙashin gini ko can ƙarƙashin rufi. A tsofaffin gidajen Sikotland akwai katakon shanya da ake ja da igiya ya hau can kusa da silin, inda ɗumi ke taruwa. Matsala ɗaya, kowa da yadda ya ɓullo mata. A Koriya ta Kudu ma ba ruwa ne ya bunƙasa kasuwar injin a shekarun baya-bayan nan ba, ƙura ce da gurɓatar iska suka sa mutane suka daina yarda su shanya a waje.

Labarin Amurka ya fi ban mamaki, domin a can har a jihohin da rana ke ƙuna kamar Arizona da Texas inji ake kunnawa. A tsakiyar shekarun 1930, gida 1 cikin 10 ne kawai na manoman ƙasar ke da lantarki. Gwamnatin Roosevelt ta kafa hukumar kai wuta karkara a 1935, kafin a yi shekara 20 lissafin ya juye, kusan 9 cikin 10 sun samu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka shiga gina unguwannin bayan gari, wuta da gas suna da araha, bashin sayen kaya yana da sauƙi, kamfanonin lantarki kuma suna son a sha wutar da suke samarwa. Kayan gida suka zama tutar ƙasa. A watan Yulin 1959, a wani baje koli a Mosko, mataimakin shugaban Amurka Richard Nixon da shugaban Tarayyar Sobiyet Nikita Khrushchev sun tsaya a gaban samfurin ɗakin girki suna musu a kan wane tsari ya fi kyautata wa talaka, Nixon yana nuna injunan gida a matsayin hujjarsa. Manyan ƙasashe biyu masu makaman ƙare dangi, ga su suna ja-in-ja a kan injin wanki. A Japan ta wancan zamani, talabijin da firji da injin wanki har laƙabi aka yi musu da "taskoki uku masu tsarki", an aro sunan daga kayan sarautar gidan sarkinsu.

Da inji ya zama alamar wanda ya samu, sai igiya ta zama alamar wanda bai samu ba. A unguwanni da dama na Amurka, ƙungiyoyin masu gidaje sun rubuta a dokokinsu cewa ba a yarda a shanya kaya a waje ba, wai yana ɓata kyan unguwa yana karya darajar gidaje. Mutum da gidansa, da filinsa, da ranar Allah, amma sai a ci shi tara don ya rataya zanen gado. Abin ya kai har aka yi fafutukar neman 'yancin shanya, jihohi irin su Florida da Colorado da Vermont da Maine da Hawaii suka yi dokar da ta hana a hana, Kalifoniya ta bi sahu a 2015. A ganina nan ne kwaɗayin kaya ya wuce gona da iri, domin an daina tambayar ko injin yana da amfani, an koma tambayar me maƙwabta za su ce.

Kada wannan ya sa a raina abin da injuna suka yi wa mata. Wanda bai taɓa wankin gidan mutum goma da hannu ba, bai kamata ya yi saurin cewa ƙyuya ce ke sa a so inji ba. Ɗebo ruwa, jiƙo, cuɗa, ɗauraya sau biyu ko uku, matsa, shanya, kwashewa idan hadari ya taso: yini guda ne cur, hannu ya yi kanta, sabulu ya ci fata. Farfesa Hans Rosling na Suwidin, masanin lafiyar al'umma da ya rasu a 2017, ya yi wani shahararren jawabi a 2010 inda ya ƙiyasta cewa cikin mutum biliyan 7 na duniya, kimanin biliyan 2 ne kawai ke da injin wanki. Ya ba da labarin yadda mahaifiyarsa, da suka sayi nasu, ta samu sararin kai shi ɗakin karatu. Masanin tattalin arziki Ha-Joon Chang, ɗan Koriya ta Kudu, ya ma tafi da nisa, ya ce injin wanki ya sauya duniya fiye da intanet, saboda injin da sauran injunan gida ne suka buɗe wa mata ƙofar fita aiki.

Amma akwai wata fuskar da masu talla ba sa nunawa. Wata mai bincike, Joann Vanek, ta duba bayanan yadda matan aure marasa aikin albashi a Amurka ke kashe lokacinsu, ta wallafa a 1974 cewa a shekarun 1920 suna yin sama da awa 50 a mako a aikin gida, a shekarun 1960 ma, bayan duk injunan sun shigo, sama da awa 50 ɗin ne. Masaniyar tarihi Ruth Schwartz Cowan ta yi bayanin dalili a 1983. A da, gidan da ke da ɗan hali yana da mai aiki, ko ya kai wanki shagon wanki. Maza da yara suna faskare, suna ɗebo ruwa, suna kakkaɓe darduma. Da inji ya zo, sai ya sallami mai aiki, ya rage wa shagon wanki ciniki, ya sauke wa miji da yara nasu kason, ya bar uwar gida ita kaɗai da maɓalli. Sannan ma'aunin tsafta ya hau. Rigar da ake sawa kwana uku ta koma ta yini ɗaya, zanen gado ya koma na mako-mako, tawul kowa da nasa. Wahala ta ragu ƙwarai, awanni ne ba su ragu yadda aka yi alkawari ba. Injin busarwa yana ƙara wa wannan wuta, domin igiya tana da iyaka, idan ta cika dole a dakata, shi kuwa ba ya cewa ya isa.

Yana da nasa haraji kuma. Audugar da ake kwashewa daga matatarsa bayan kowane aiki ba datti ba ce, jikin tufafin ne ke zaizayewa. Ulu yana tsukewa, roba tana saki. Idan aka bar audugar ta taru ta taɓa wayar zafi, gobara ce. A Birtaniya, kamfanin Whirlpool ya sanar a 2015 cewa miliyoyin injuna masu tambarin Hotpoint da Indesit da Creda suna da wannan lahani. A watan Agustan 2016 ɗaya daga cikinsu ya haddasa gobara a wani dogon bene a Shepherd's Bush da ke Landan, amma sai a Yulin 2019, bayan matsin lamba daga gwamnati, aka yi kiran dawo da waɗanda ba a gyara ba.

Babban harajin dai wuta ce. Injin gargajiya yana jan wat 2,000 zuwa 3,000, busarwa ɗaya mai cike da ganga tana cin kusan yunit 4. Da kuɗin wuta ya tashi a Birtaniya bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, yunit ɗaya ya kai fani 34 a Oktoban 2022, wato busarwa ɗaya ta haura fam guda. Sai ga mutane suna kashe injin suna rububin sayen maratayin ƙarfe mai ɗan ɗumi da na'urar tsotse laima daga iska. Waɗanda suka ce ba za su iya rayuwa babu shi ba, takardar kuɗin wuta ta nuna musu za su iya.

To mu fa? Tambayar ta taso ne domin injin ya fara bayyana a manyan shagunan Abuja da Kano, yana kuma yawo a hotunan gidajen masu hali a Instagram da TikTok. A yi lissafi a fili. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, masu alkawarin awa 20 a rana, yunit ya haura naira 200. Busarwa ɗaya ke nan ta haura naira 800, ga wanda wutar ke zuwar masa. Ƙaramin janaretan da ake kunna fanka da talabijin da shi bai kai wat 1,000 ba, ko motsa injin ba zai yi ba. Mai sola kuma sai ya tanadi babbar inbata, sannan ya tsaya ya yi tunanin abin da yake shirin yi: ya kama hasken rana a kan rufi, ya mayar da shi lantarki, ya mayar da lantarkin zafi, don ya busar da rigar da in ya rataya ta a ƙarƙashin wannan ranar za ta bushe kafin a kira la'asar. A bazara ko lokacin hunturu, a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, kafin ka gama shanya na ƙarshe na farko ya fara bushewa. Kwanakin da shanya ke gagara 'yan kaɗan ne, galibi a tsakiyar damina cikin Agusta. Ƙurar hunturu matsala ce ta gaske ga fararen kaya, amma rumfa ko baranda tana rage ta.

Ga kuma irin tufafinmu. Shadda mai tsada ba a jefa ta a ganga mai zafi ta yi ta tumurmusa. Sitati take so, da guga ko bugu a wurin mabuga, don ƙyallinta ya fito. Babbar riga mai aiki da hula zanna haka. Sannan muna da abin da Turai ta rasa tun tuni, wato masu wanki da guga a kusan kowace unguwa, da kuɗin da ma'aikaci zai iya biya. Gugar nan ma ba ado kaɗai ba ce: a wurare masu laima akwai ƙudan da ke yin ƙwai a kan kayan da aka shanya a inuwa ko a ƙasa, tsutsarsa ta shiga fata ta yi kamar maruru, zafin dutsen guga ke kashe ƙwan. Duk gidan da ya sayi inji ya sallami mai wankinsa, abin da Cowan ta bayyana ne zai maimaitu: aikin ya bar hannun namijin da ake biya, ya koma hannun matar da ba a biya.

Injunan da suka sauya rayuwar mata a ƙasar Hausa ba su ne masu ƙyalli ba. Injin niƙa da na markaɗe na bakin layi sun sauke surfe da daka da niƙa a kan dutse daga wuyan miliyoyin mata, kuma ba mallakar gida ɗaya ba ne, kowa ya kai ya biya kaɗan, kusan irin tsarin ɗakin wankin Suwidin. Rijiyar burtsatse da tankin sama sun rage zaryar ɗiban ruwa. Murhun gas ya raba idanu da hayaƙi. Firiza kuwa jari ce, ƙanƙara da zoɓo da kunun aya sun biya kuɗin makarantar yara da yawa, musamman idan azumi ya faɗo a zafi. Injin wanki ma sai da ruwa: mai sarrafa kansa yana son famfo mai ƙarfi da wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar aiki ba, shi ya sa mai baki biyu, wanda ake zuba wa ruwa da bokiti daga jarkar mai garuwa, ya fi karɓuwa.

Ɓangaren nuna isa kuwa ba sai mun je Amurka koyo ba. Iyayenmu sun jera kwalla da samira har rufi, ba don za a yi girki da su duka ba. Yau jeren ya koma kicin, kuma iyayen amarya da yawa suna cin bashi su sayi injunan da za su shekara a cikin kwali ko a ƙarƙashin leda, a gidan da wuta ke leƙowa awa uku. Idan injin busarwa ya shiga jerin kayan ɗakin da ake ƙirgawa ranar jere, ta wannan ƙofa zai shigo, ba ta ƙofar buƙata ba.

Akwai dai waɗanda yake yi wa rana a nan ɗin ma. Otal da asibiti da shagon wankin zamani, masu juya zannuwan gado da tawul ɗari-ɗari kullum, ba za su jira hadari ya wuce ba. Haka mai zaune a bene a Legas ko Fatakwal, inda damina ke da tsawo iska kuma ke ɗauke da laima, kaya su kwana biyu a rataye su fara wari. Shi ma idan zai saya, mai dabarar firjin nan ya fi dacewa da shi, domin wutar da yake ja ba ta cika kai wat 1,000 ba, inbata matsakaiciya za ta iya ɗauka. Ga sauran gidaje, injin da ke matse ruwa da kyau ya riga ya yi rabin aikin, ragowar kuma igiyar naira 'yan ɗari ce da ƙusa biyu.